Hannun Baba a Wayar Baffa

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Inna ta miƙo mini littattafansa uku, irin na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta. Malamin firamare ne, kuma a ciki ya rubuta ƙuruciyarsa a Afala: rijiyoyi, shekarun fari, shanun kakanmu. Tawadar ta koɗe, Inna kuma ta ce ba za su bar gidan ba. A lokacin ina koyon haɗa shafin intanet a nan Tawa, sai na ƙudurta in sa rubutun a shafi domin Baffa, ƙanen Baba, ya karanta. Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, ga idanunsa sun fara dushewa.

Kwafe rubutun bai wahalar da ni kamar zaɓen salon harufa ba. Na yi kwanaki ina dubawa, har na sami wani siriri mai karkata, kamar yadda Baba yake jan alli a allo. Malaminmu na haɗa shafi ya sha faɗa mana cewa a jera salo biyu ko uku, in na farko ya gaza, waya ta ɗauki na bayansa. Ban jera ba. Gani nake in na ajiye wani a bayan hannun Baba, kamar na yi masa madadi ne.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Afala. Na tarar da Baffa a rumfar ƙofar gida, na buɗe masa shafin a tsohuwar wayarsa. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, muka daɗe muna kallon farin fili. Da harufan suka fito, sirara ne kamar gashi, kuma duk inda ƙ ko ɗ take, sai ɗan akwati wayam. Ashe salon ba shi da su. Ordinatata, kwamfutar da nake aiki da ita, ce take cike gurbin ban sani ba.

Baffa ya kai wayar dab da hancinsa, ya janye.

"Ɗiyata, gara ta shiga waya ne? Duk ta ɓula maganar yayana."

Na ce bari in karanta masa.

"Muryarki na san ta. So nake in gani da idona tun yana gani." Ya miƙo mini wayar. "Ubanki ko rijiyar bayan gari za shi, igiya biyu yake ɗauka."

Na dawo Tawa. Na bar siririn salon a kan take kaɗai. Sauran rubutun na ba shi harufa masu kauri, marasa ado, waɗanda suke da duk masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ. A bayansu na sa wani, a ƙarshe na bar wa kowace waya ta yi da abin da take da shi. Na gwada a wayar Inna har sau uku.

Da na koma, Baffa ya aza yatsa a kan gilashin yana bi a hankali, leɓunansa suna motsi. Na zauna gefen tabarma ina kallon ƙasa. Can ya kai labarin maraƙin da ya faɗa rijiya, sai ya tsaya ya share ido da hannun riga.

"Nan kam ya yi son kai, Allah ya jiƙansa. Ni na tsamo maraƙin nan, shi igiya kawai ya riƙe."

Ya mai da yatsansa inda ya tsaya.