Farar Rigar Dogo Mai Aski

Duk cikin sana'o'i babu mai tona asirin hammata irin aski. Tela yana can bayan kekensa, direba ya ba ka baya, amma mai aski sai ya ɗaga hannuwa biyu daidai hancinka ya yi ta kai-komo. A nan jarabawar Dogo ta same shi.

Dogo gwani ne, ko maƙiyinsa ya shaida. Tun yana saurayi yake riƙe da kujerar bakin ƙofa a shagon maigidansa, da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya. Sai mutane suka fara zame masa. Mutum ya shigo, ya ga kujerarsa babu kowa, ya ce, "Bari in jira wancan, ba sauri nake ba." Ba sauri! Mutumin da ya bar mota a kunne a waje.

Ran nan mai shago ya ja shi gefe. "Dogo, ka yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Wari kake. In abin bai gyaru ba, kujerar nan wani zan ba."

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da ko safiya ba ta wuce shi bai yi wanka ba? Ya ƙara na rana. Ya aske hammata tas, ya goga lemon tsami har fata ta yi masa zafi. Aka ce albasa da tafarnuwa suna fita ta gumi, ya hana a sa masa a miya. Turare kuwa, wanka ya riƙa yi da shi, ƙamshi ya haɗu da tsami, abin ya zama gara jiya da yau. Har Baba Direba, tsohon da Dogo yake yi wa aski tun kansa bai yi furfura ba, ya koma kujerar ƙurya. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Wata safiya ya manta wayarsa a gida, matarsa ta biyo shi da ita. Ta tarar yana ciro farar rigar aikinsa daga ƙusa a bayan ƙofa. Ta karɓa, ta kai hanci, ta kau da kai.

"Haba Baban yara! Wannan kake sawa?"

"Kullum sai na wanke ta kafin in tashi."

"Ka shanya ta ina?"

Ya nuna ƙusar. Shago babu taga, yadi na roba, rigar ta kwana da danshi, da safe ya zura ta a kan jikin da ya sha sabulu. Da gumi ya taɓa ta, shi ke nan.

"Ka hana mu albasa a banza," in ji ta. "Jikinka lafiya lau, rigar ce ta ruɓe."

Ya jefa ta a shara. Ya ɗinko biyu na auduga, a wanke a gida, su sha rana. Wari ya tafi kamar ba a yi ba.

To amma wa ya sani? Mutane suna ta wucewa ƙurya, mai shago yana ta kallon kujerar. Da Baba Direba ya shigo, Dogo ya miƙe da sauri ya kaɗe masa wurin zama.

"Baba, bismillah."

Tsohon ya yi murmushi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa masa albarka, sannan ya wuce ya zauna a layin ƙurya.

Dogo ya tsaya da tawul a hannu. Da wane baki zai ce wa dattijo ya matso ya shinshina shi?