Abin da Hajjo Ta Ɓoye wa Likita

Surukata Hajjo, mai furar Ƙofar Kware, ba ta taɓa kiran sunana ba. Shekara goma sha shida ina auren 'yarta ta fari, Sadiyatu, amma in ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "wancan malamin", ko da kuwa ina durƙushe a ƙofar ɗakinta. Ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Wata rana na shigo ba zato tana cin dafaffen rogo, ta tura shi ƙarƙashin tabarma, har yau ba a sake jin labarin rogon ba.

A Kwalkwalawa aka haife ta, gidan manoman shinkafa, aure ya kawo ta birni. Da mijinta Malam Lawwali ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ba ta zauna jiran dangi ba, sai ta jawo turmi. Shekara talatin unguwar ba ta buƙatar agogo, in ka ji taɓaryar Hajjo ka san hantsi ya yi. Furarta kuwa, citta da kanumfari ba su yi yawa ba, ba su yi kaɗan ba, har daga Unguwar Rogo ake aikowa. An sha ba ta shawara ta riƙa kai gero inji, ta ce ita ba ta sayar wa mutane ƙasa.

Shekara bakwai da suka wuce aka gaya mata tana da hawan jini. Ta karɓi ƙwayoyin hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta adana su cikin kwalla tare da turaren wuta. Ran da kai ya sara takan haɗiyi ɗaya, sauran ranaku kuwa zoɓo da tafarnuwa. Ni malamin firamare ne, na san ba haka ake yi ba, amma wa ya isa ya yi wa surukarsa darasi? Sai in gaya wa Sadiyatu, ita ta gaya mata, amsa ta dawo cewa a gaida wancan malamin.

Wata Laraba, Sadiyatu tana Gwadabawa wurin suna, maƙwabciya ta kira ni a waya. Taɓarya ta yi shiru da wuri, sun leƙa sun tarar da Hajjo jingine da turmi tana haɗa gumi. Na iso da babur a guje, sannan na tuna ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta hau bayana ba. Na tare keke mai ƙafa uku. Ita a baya ta juya fuska wajen titi, ni a gaba na matse direba, haka muka isa asibiti.

Imajansi, sashen gaggawa, a cike yake. Wata matashiyar likita ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ɗari biyu da talatin a kan ɗari da talatin. Ta juyo ta yi mini bayani a gaggauce. Jinin da ya hau haka, in bai taɓa komai a jiki ba, ƙwaya za a bayar, a duba mutum na ɗan lokaci, ya koma gida. In kuwa ya fara yi wa zuciya rauni, dole a kwantar da shi, a sauke jinin sannu a hankali ta jijiya, don komawa gida da irin wannan zuciya ganganci ne. Na'urar da ke zana bugun zuciya ɗaya ce, ga layi, kuma masu ciwon ƙirji ake fara sawa.

"Inna, ƙirjinku na ciwo?" in ji likita.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Numfashi fa?"

"Lahiya lau."

"Hannu ko muƙamuƙi?"

"Babu komi, ɗiyata. Rana ɗai tab buge ni."

Ni kuma gogan naku ina tsaye a kanta, riƙe da kati da takalmanta, ina gyaɗa kai, ina jin kaina surukin kirki. Har na ƙara da cewa ai Inna akwai ƙarfin jiki. Likita ta ɗauki biro ta fara rubuta ƙwayoyi.

Akwai wata dattijuwar nas a gefe, Balkisu, tana haɗa ƙarin ruwa ga wani majiyyaci. Ba fuskar Hajjo take kallo ba, hijabin take kallo, inda hannu ya dunƙule daidai ƙirji yana dannawa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ɗanta kake?"

"A'a, mijin ɗiyatta."

"Ta hwari?"

"E."

"To aje takalman ga ka hita. Kak ka dawo sai na kira ka."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na baro aji, ni da na kawo ta, ni ake kora? Na fita na zauna a benci ina cika ina batsewa. Ko minti biyar ban yi ba na ga an turo na'urar nan, an wuce layin da ita.

Da Balkisu ta fito sai ta zauna kusa da ni. Ashe tun la'asar ɗin jiya ciwon yake. Hajjo ta ce ji take kamar an kife mata turmi a ƙirji, yana sauka har hannun hagu, kuma a haka ta tashi ta daka tiya biyu ta gero. Zanen na'ura ya nuna zuciya tana wahala. An ɗebi jininta, bayan awa uku aka sake ɗiba, ana neman wani abu da tsokar zuciya ke saki cikin jini in ta ji rauni. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Likita ta yaga takardar ƙwayoyin a gabana, ta ce da mun tafi da ita, ba ta da tabbacin Hajjo za ta ga Juma'a.

Kwana tara ta yi a kwance, kuma ta tashi. Taɓarya dai an raba su har abada. Yanzu a kujera take zama tana ba masu daka umarni, ba wadda ta taɓa burge ta. Ƙwayoyin sun baro kwalla, Sadiyatu ce ke tsayawa a kanta kullum har ta haɗiye.

Amma ni abin da ya zauna mini shi ne yammacin ranar farko. Sadiyatu ta iso daga Gwadabawa ko gyale ba ta gyara ba, ta shiga wurinta. Ni ina waje, jikin taga.

"Inna, mi yas sa kunka ɓoye ma likita?"

"Gaban mijinki za ni ambaton ƙirjina? Ke ba ki da kunya?"

"Da an sallame ku hwa?"

"Sai in tahi gida."

"Ku mutu?"

"Sai in mutu. Amma dai bai ji ta ga bakina ba."

Na fara dariya, sai na daina, don na san ba wasa take yi ba. Tsayuwar da na yi a kanta don in taimaka ita ce ta rufe mata baki, kuma da ba a kore ni ba, da hannuna zan tare keke in mayar da ita gida. Na zame na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.