Ribas ɗin Kawu Stoffel

Duk Disamba, a sansanin hutu na bakin teku a Hartenbos, idan tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗakin kwanan da ake ja da mota, ta ƙi shiga fili da baya, Kawu Stoffel ake kira. Sai ya bar naman da yake gasawa, ya goge hannu a gajeren wando, ya ce, "Sauko, ɗana, kafin ka kwashe tantin mutane." Hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, matarsa Goggo Ralie a baya tana kaɗa masa hula. Sau ɗaya tak, tirela ta zauna daram. Ni maƙwabcinsa a sansanin har haushinsa nake ji.

Sai fari ya cinye tumakinsa a yankin Karoo, gonarsa ma ta bi su. Dewald, mijin 'yarsa Elna, ya ba su wani lungu a bayan gidansa, tsakanin katanga da igiyar shanya, su zauna cikin tirelar. A-kori-kurar da ke janta kuwa an sayar. Ranar ƙaura mai sayen yana tsaye a ƙofa, jira yake a kwance tirela ya tafi da motarsa.

Na je taya su. Lungun nan ko ɗan koyo zai shige shi. Kawu ya yi ribas, tirela ta nufi katanga. Ya fito, ya sake, ta nufi igiya. Ya sake.

"Baba, kawo makullin mana," in ji Dewald. "Tsufa ne, ba abin kunya ba ne."

"Kai da ko baro ba ka iya juyawa ba?"

Ni dai na ga hannunsa, da gangan yake karkata ta. Muddin tana ɗaure da mota matafiyi ne shi, in aka kwance shi ke nan. Wallahi zuciyata ta karye.

Goggo Ralie ta sauke hular da take kaɗa masa, ta tako har tagar motar ta dafa hannunsa.

"Baban Elna, ya isa haka. Bawan Allahn nan yana jira."

Kawu ya kama sitiyari. Ya gyara madubi, sau ɗaya tak, tirela ta zauna daram. Dewald ya kawo bulo aka tokare ta, aka cire tayoyin. Kawu ya ce a ajiye su a inuwa kada su tsage kafin Disamba.