Hoto na Shida Ya Ƙi Haɗuwa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sani mai hoto na Agege a Legas, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Gwanintarsa dogon hoto ce, irin wanda ke kwashe layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai ya zana da'ira da gawayi a ƙasa, ya tsaya ciki, ya riƙa juyawa a hankali yana ɗauka, kowane hoto ya ɗan hau kan na bayansa. In an wanke, ya yanka da reza ya manne, ko mahaɗar ba ka gani. Dokarsa ɗaya ce: ƙafa ba ta barin da'ira.

Ranar sunan 'yarsa Hafsatu ya jera dangi kaf a ƙofar gida. Ya ɗauki hotuna biyar, ya miƙo min kyamara. "Binta, na shida naki ne. Kada ki motsa." Ya ruga ƙarshen layi ya tsaya kusa da Inna. Sai ga Kawu Bala ya sauko daga danfo, motar haya. Ta yaya zan ga kawuna in ƙi gaishe shi? Na je na durƙusa, na dawo na danna. Ashe taku biyu na ƙara gaba.

Hoton ya ƙi haɗuwa. Rufin kwano ya karye a tsakiya, Yaya ya fi kowa girma. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ma sake." Kafin Hafsatu ta fara tafiya ya rasu. Mutumin da ya ɗauki rabin Agege, hotonsa guda ke nan a hannunmu.

Yanzu kowa sai ya ja waya a iska ya ce ya yi dogon hoto. Kan mutum ya tsinke, babur ɗin okada ya fito da taya uku, ba ruwan kowa. Da Yaya na nan, da tsaki ya ishe shi.

Bana Hafsatu ta ce tana son ganin babanta cikin danginsa. Na kai hotunan wurin mai kwamfuta a Iyana Ipaja. Ya haɗa tsaf, rufi ya miƙe, amma babu Yaya. "Anti, kwamfuta ta ɗauka shi ne mistake ɗin, shi ya sa ta cire shi," in ji shi. Raina ya ɓaci, na kwashe kayana.

A gida na ɗauko reza da gam, na manne su yadda suke, rufi a karkace. Abin da ya rage mana ke nan. Hafsatu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Gwaggo, ashe Baba ƙato ne haka?"

Na ce, "A'a, ni ce na matso."