Awon Albarushin Yayana

Azahar ta ɗan gota, ranar wata Talata bayan girbi, daidai lokacin da mata suka fara gangarowa tafkin Madarunfa da tuluna, bindigar yayana ta yi tari maimakon tsawa. Ina tsaye a bayansa rungume da allona, don daga karatu na biyo shi wajen gwajin. Ya auna kututturen wani busasshen gawo, ya ja kunama, sai muka ji ɗan sauti kamar an fasa ƙwai, hayaƙi kaɗan ya fito ta gefe. Ko ɓawo bai tashi daga jikin gawon ba.

Yaya ya sa babban yatsa zai sake ɗana ta. Kawu ya kai wa hannunsa duka.

"Kul! Sake ta nan."

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, maƙeri. Ya karɓi bindigar, ya zura tsinke ta bakinta, tsinken ya tsaya a rabi. Harsashin dalma ya maƙale a cikin bututun. Ya ce da an harba na biyu a bayansa da ƙarfen ya tsage, da yanzu muna tsintar yatsun Yaya a cikin ciyawa. Albarushi ne ya yi kaɗan, in ji shi, bai isa ya tura dalmar waje ba. Sannan ya juyo ya dube ni. Duk wanda ke wurin ya san ni ce mai awo.

A waɗancan shekaru, kafin Nasara su iso ƙasarmu, hanyar kudu ba ta da aminci. Yaya yana kora jakuna da gishiri da fatu ta wajen garin Ɗan Issa, kuma ran Asabar mai zuwa zai tashi. Bindigar ƙarama ce, mai ɗakuna shida da ke juyawa. A Damagaram ya samo ta, hannun wani bafatake da ke zuwa Tarabulus, tare da kwansunan tagulla waɗanda ake sake cikawa in an harba, da mazubin dalma, da gorar albarushi, da 'yan hulunan da ke tayar da wuta a gindin kwanso. Akwai kuma ɗan tsinin ƙahon barewa da aka yanke daidai cikin harbi ɗaya.

Kawu ne ke narka dalma ya zuba, ya shafe harsasan da kakin zuma. Awo kuwa ni aka ba. Mahaifinmu, wanda shi ne malamina, ya ce bai taɓa ganin tawada ta ɗiga a allona ba, kuma ba ni da surutun da zai ɗauke mini hankali. Kowace safiya sai in cika ƙahon, in share bakinsa da gefen alƙalami, in juye a kwanso, in kafa shi tsaye a cikin ƙwaryar yashi. A ɗakin Kaka nake aikin, uwar su Kawu, don shi ne mafi nisa da wutar maƙera. Da hantsi in tafi karatu. Sai la'asar, in Kawu ya kashe wuta ya wanke hannu, ya zo ya ɗora dalma a kan kowane kwanso ya matse bakinsa.

Tun ranar farko ya faɗa mini cewa maharba da dogayen bindigoginsu da tafin hannu suke ɗura, su duba yatsa nawa sandar ɗuri ta rage a waje, shi ke nan. "Doguwa tana da yafiya," ya ce. "Wagga ba ta da shi. In kin ƙara ta ci mutum, in kin rage ta ci mutum." Na riƙe rabin farko da kyau. Rabi na biyu sai ranar Talatar nan na ga ma'anarsa.

A hanyar komawa gida, abokin tafiyar Yaya, wani mutumin garin Gabi mai yawan dariya, ya biyo ni a baya.

"Malama, ko dai karatu ya shiga cikin awon? Kin ja wasali inda ba shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Bar ta," in ji Yaya. "Kai da ba ka iya auna dawa ga jakinka ba."

"Ni dai in hannunka ya tafi, a bar mini bindigar. Na faɗa tun yanzu, kowa shaida ne."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na tuna sau biyu yana roƙon Yaya ya ba shi aron ta, Yaya yana hanawa. Na tuna kuma yakan leƙa ɗakin Kaka ya gaishe ta, ya sha furarta, a lokacin da nake wajen karatu. Kafin mu kai ƙofar gida na gama yanke masa hukunci a raina.

Amma da na zauna sai Kawu ya faɗo mini. Yana da tasa doguwar bindigar, kuma na sha jin yana murza albarushin Tarabulus a yatsa yana cewa namu na gida gawayi ne kawai in an gwada da wannan. Ɗakin uwarsa ne, ba mai tambayarsa in ya shiga. Na ji kunyar wannan tunani, amma ya ƙi fita. Daga nan na koma kan kaina. Wataƙila na tsallake rabin ƙaho ina bitar karatu a zuci. Na kasa rantsewa cewa ban yi ba, kuma wannan ya fi sauran ci mini rai.

Ran Laraba na auna kamar kullum, ina kallon kowane ƙaho kamar zai gudu. Da na dawo daga karatu, kafin Kawu ya iso, na ɗauki kwanso ɗaya na juye shi cikin ƙahon. Bai cika ba. Na gwada na biyu, haka. Duk cikin ƙwaryar ba wanda ya kai baki, kuma abin da ya ɓace daga kowanne kusan ɗaya ne. Mai sata da ya kwashe gaba ɗaya, ko ya ɗiba daga gora, ga ta nan rataye. Wannan kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a natse, ya mayar da kowanne raminsa a cikin yashi. Na cika su, na zauna a kansu har Kawu ya zo.

Da zan fita ta bayan ɗakin, sai na ga baƙi-baƙi a gindin tsamiyar da ke jikin danga. Na durƙusa na shinshina. Albarushi ne, an barbaɗa shi a kan wani faffaɗan dutse. Abin da ya zo mini shi ne sammu: wani yana ɗibar ƙarfin bindigar Yaya yana binnewa, don ta ci amanarsa a daji.

Na sami Yaya yana ɗinkin mangalar jaki.

"Yaya, abokin nan naka, ka yarda da shi?"

Ya ɗago ya dube ni. "Mi ya yi miki?"

"Ba komai."

"To, ba komai ne. Ke dai ki buɗe ido wajen awonki, ƙanwata. Hannun nan biyu kawai gare ni."

Na tafi da maganata a ciki.

Alhamis ba karatu. Na auna, na kafa kwansunan, na koma lungu bayan randa da allura da zare kamar mai gyaran zane, ina jiran in ga wanda zai ɗaga labule. Mutumin Gabi ya zo, ya tsaya daga waje, ya yi wa Kaka kirari, ya sha fura ya wuce. Kawu bai leƙo ba, ina jin gudumarsa daga nesa. Hantsi ya yi. Sai Kaka ta shigo tana dafa bango, ta zauna gaban ƙwaryar, ta ɗauki kwanso, ta karkata shi a tafinta, ta kama abin da yatsu biyu suka kama ta zuba a ganyen ƙalgo, ta mayar da sauran. Ta ɗauki na gaba. Ba ta ko duba ƙofa ba.

"Kaka."

"Ke 'yar allo, kina nan ashe? Miƙo mini wancan na gefe, hannuna bai kai ba."

Kaka ɗiyar maharba ce daga wajen garin Sarkin Yamma, gidan da ke kan al'adar kakanni. Ta yi salla tun kafin a haifi uwata, amma akwai abubuwan gidansu da ba ta ajiye ba, ba mai ce mata komai kuma. Na tambaye ta me take yi.

"Rabon masu dawa, iskokin daji. Albarushin da zai shiga daji ba a fid da rabonsu ba, mi kike so shi harba? Ubana kowane ɗuri sai ya fid da shi. Ya tsufa da yatsunsa goma, a kan tabarma ya mutu."

"Kaka, wanda ya maƙale ran Talata, wannan ne ya sa."

"Wa ya ce? Ɗan wanga?" Ta nuna mini yatsunta biyu. "Ko a miya ba a jin sa."

Ban san yadda ake gardama da tsohuwa ba. Sai na sauko da gorar, na cika tafin hannuna kamar yadda maharba ke yi wa doguwar bindiga, na ce ta ɗiba. Ta ɗiba, ba a ga wurin ba. Na mayar, na cika ƙahon barewa, na miƙa mata. Ta sa yatsu ta kama. Muka leƙa cikin ƙahon tare, ya sauka sosai. Na faɗa mata abin da Kawu ya ce game da harbi na biyu da yatsu a cikin ciyawa.

Ta miƙo mini ƙahon.

"Kenan mijina shi shiga dajin mutane hannu sake, ba gaisuwa?" Yaya take nufi, haka take kiransa don wasan jika. "Ku masu karatu kuna tsoron ƙarfe. Ni abin da nake tsoro ba a ganinsa."

Na roƙe ta ta bari. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta naɗe ganyen ƙalgonta ta fita zuwa gindin tsamiya.

Da la'asar na ce wa Kawu ina so a buɗe duk waɗanda aka rufe kafin Laraba. Ya tambaye ni dalili. Na kasa ambaton uwarsa a gabansa, na ce ina shakka ne kawai. Ya zare dalmar da awartaki, muna juyewa a ƙaho, babu wanda ya cika. Ya dube ni irin kallon da ya yi mini a bakin tafki. Dalmar da aka zare ta lotse, dole ya sake hura wuta ya zuba sabuwa, don haka cikawa ta koma Juma'a da safe.

Na yi niyyar in zauna a kan ƙwaryar har a rufe. Ina gama awo sai Inna ta aiko: a zo a kama mata dakan guzurin Yaya, yanzu. Kwanson da ba a rufe ba ba ya ɗaukuwa, maƙera kuma ba wurin albarushi ba ce. Na dubi Kaka tana kaɗi a bakin ƙofa. Ta dube ni. Na tafi.

Na manta cewa Kawu ba ya buga ƙarfe ran Juma'a. Ko da na dawo a guje, da gari a hannuna, ya riga ya zo da wuri ya rufe su duka, Yaya ya zuba a jakar fata. Na karɓi jakar da sunan zan goge su. Kwanson da ya cika ba ya motsi in an girgiza shi a kunne, wanda ya ragu yakan yi ɗan ƙas-ƙas. Na bi su ɗaya ɗaya. Wani in ji shiru, wani in ji kamar motsi, in sake girgizawa in rasa ko albarushi ne ko jinina ne ke bugawa. Sake buɗewa kuma ba lokaci, ba sauran dalma. Na tambayi Kaka da yamma, ta ce in matsa mata daga haske, zarenta zai tsinke.

Asabar da sassafe aka ɗora wa jakuna kaya. Yaya ya rataya jakar a kafaɗa, ya soke bindigar a ɗamara, ya durƙusa gaban Kaka.

"Tsohuwa, mi za a kawo miki?"

"Kawo kanka, marowaci. Bara ma mi ka kawo?"

Mutumin Gabi ya ɗaga mini hannu yana dariya, na kasa haɗa ido da shi saboda abin da na ɗora masa a raina. Jakin farko ya fita daga ƙofa. In zan tsayar da Yaya, yanzu ne, a gaban Kawu da maƙwabta, kuma sai na faɗi sunan wadda ta ɗiba. Na matsa kusa da Kaka har kafaɗata ta taɓa tata, na riƙe gefen zanenta.

"Kaka, don Allah. Na jiya. Kin taɓa?"

Ba ta juyo ba, idonta yana kan bayan Yaya.

"Ban taɓa ko ɗaya ba, sake mini zane. Na je na faɗa wa masu dawa bindigar baƙuwa ce, cikinta ƙarami ne, ba ta da abin badawa. Zakarana ja na ba su."