Sanyin da Kaka Bai Sani Ba

Shekaranjiya maƙwabciyata ta aiko mini da tumatir, an tsinko shi da reshensa. Ina cire 'ya'yan sai ƙamshin ɗanyen ganyen ya kama mini yatsu, na wanke da sabulu ya ƙi fita. Na bar miyar a kan wuta, na fito bakin ƙofa na zauna. Idan ka taɓa murza ganyen tumatir ka san ƙamshin da nake nufi. Mutane da yawa na sonsa. Ni kam ba na sonsa, kuma bari in gaya maka dalili.

A wata gona na yi wayo, can bayan garin Sabha a ƙasar Larabawa, hayin sahara, irin wadda Larabawa ke ce wa mazra'a. Mai gonar, da muke kira mudir, ya ba Baba ɗakuna biyu na bulo kusa da injin ruwa, a kan shi da abokan aikinsa su noma, a raba amfani. Kafin nan Baba ya yi shekara da shekaru yana leburancin gini yana kwana a kango, ni da Inna muna can gida Nijar. Ɗakunan nan ne suka sa ya iya aikowa a kawo mu. Sharaɗin kuwa a fili yake: gona ta yi kyau muna nan, ta lalace mudir ya kawo wasu. Ko ni da nake yarinya na san cewa zamanmu tare a kan wannan gonar yake.

Ba mu daɗe ba sai ga Kaka, mahaifin Inna, ya iso a bayan babbar mota da jaka ɗaya. Dogo ne, mai murya kamar an shafa mata man shanu. A gida shi ne ya yi shekaru yana gabatar da shirin noman lambu a talabijin. Zamanin da kowane ƙauye yake da tele guda a dandali, mutane sukan shimfiɗa tabarma su jira fitowarsa da malafa da bokitin ban ruwa, ya durƙusa a bakin fangali yana nuna yadda ake rainon iri, da yadda ake dasa albasa, da yawan takin da tumatir ke so. Daga baya aka yi sabbin shugabanni a tashar, suka ce samari waƙa da ƙwallo suke so. Aka mayar da shirinsa lokacin da manoma ke gona, sannan aka ce ba mai kallo, aka rufe. Ya ɗan taɓa karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure a rediyo, ita ma ta ƙare. Da kakata ta rasu sai ya ɗauko kaset ɗin bidiyonsa ya biyo 'yarsa.

Ranar da ya iso, wani daga cikin abokan aikin Baba ya saki shebur ya yi tsaye, baki buɗe.

"Wallahi Mai Garka ne! Mai Garka na tele!"

Haka ake kiransa a gida, don mu garka muke ce wa lambu. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Manshiya a cikin gari, inda mutanenmu suke da yawa. Leburori suka yi ta zuwa gaisuwa, wani da shayi, wani da dabino. Aka aro bidiyo aka sa kaset. Na ga ƙarti masu gemu suna share hawaye, ba don tumatir ba, don sun ga ƙasar gida da rijiyar gida a cikin akwatin. Shi kuwa Kaka ya miƙe ƙafa yana kallon kansa, yana faɗin magana kafin na cikin akwatin ya faɗe ta. A nan take suka ce ai Allah ne ya kawo musu shi, su sa shi gaba su bi. Bai ce a'a ba. Mutumin da aka manta da shi shekaru, aka zo ana durƙusa masa, ina zai iya cewa a'a?

Kuma gaskiya ya san aikinsa. Kada ka ɗauka ɗan buga-buga ne. Da zafi ya fara raguwa ya sa aka ja fangali, aka raini iri a inuwar dabino, aka dasa tumatir da tattasai daidai lokacin da ake yi a gida, bayan an gama girbi. Shuka ta tashi kore shar. Da safe yakan zagaya da hannu a baya, yana magana da ƙarfi kamar akwai masu kallo, ni ina biye da shi ina kwaikwayon tafiyarsa. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne. Yana ce mini amaryarsa, ina ce masa tsohon da ba shi da ko sisin sadaki. Duk abin da na ga dama nakan faɗa masa, ya yi dariya ya ja mini kunne.

Mudir ya zo wata rana da motarsa, ya duba shukar ya yaba, sannan ya nuna gonakin maƙwabta, inda aka lulluɓe layuka da farar leda a kan ƙarafa. Ya ce sanyi na tafe, in suna so ya kawo leda, a cire kuɗinta a rabonsu. Aka fassara wa Kaka. Kaka ya yi murmushi irin na tele, ya ce tumatir ɗan sanyi ne, a lokacin sanyi ake nomansa, wanda ya rufe shi ya hana shi numfashi. Abokan aikin Baba suka ji daɗi, ga ilimi ga sauƙin aljihu. Mudir ya ɗaga kafaɗa ya shiga mota.

Baba kaɗai ne bai ji daɗi ba. Shi bai san lambu ba, amma ya kwana a kangon Sabha a tsakiyar sanyi, ya taɓa tashi da asuba ya tarar ruwan duro ya daskare, sai da ya fasa da dutse kafin ya yi alwala. Sauran duk sababbin zuwa ne. Ya gaya musu, suka ce, "Kai ka fito a tele ko shi?"

To, a nan ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Baba suruki ne. A wurinmu suruki ba ya kallon idon uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya ce masa ka yi kuskure. Sai ya sami Inna ya ce, "Ki gaya wa tsoho, sanyin nan ba irin namu ba ne." Ita kuwa Inna 'yar fari ce. Kaka bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma bayan gaisuwa ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba. Ta yi kwanaki tana kai masa abinci tana dawowa da maganar a bakinta. Daga ƙarshe ta kira ni, ta riƙe kafaɗuna, ta maimaita mini har na haddace.

Na je na same shi yana ɗaure tumatir a jikin kara. Na ce, "Kaka, an ce sanyin garin nan yana mai da ruwa dutse. An ce a rufe shukar."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Amarya, bargo kike so in saya miki, shi ne kika biyo ta kan tumatir?"

Na ce da gaske nake. Ya ƙara dariya, don a bakina bai taɓa jin gaske ba. Gida guda, manya uku, kowa ya san abin da ya sani, amma bakin da aka yarda ya yi masa magana shi ne wanda ba a ɗaukar maganarsa. Ba na ganin laifina, kuma ban ce kunya mugun abu ba ce. Amma ranar na ga abin da take iya ci.

Tumatir ya yi fure, ya fara ɗaura 'ya'ya. Sai wata safiya muka fito muka tarar gonar ta yi fari kamar an watsa mata gishiri. Ganyen ya yi tauri, in ka taɓa sai ya karye. Kaka ya ce a jira rana ta fito. Rana ta fito, farin ya narke, kafin hantsi ganye ya yi laushi ya zube, kafin azahar ya yi baƙi. Gona guda, layi bayan layi. Ba wanda ya yi ihu. Wani ya zauna a bakin fangali ya dafe kai. Kaka ya durƙusa yana ɗaga reshe yana saki, yana ɗaga wani. Na ji yana cewa, a hankali, ba da muryar tele ba, "Ban taɓa gani ba."

Mudir bai yi faɗa ba. Ya ba mu 'yan kwanaki mu kwashe kaya. Muka koma ɗaki guda na haya a Manshiya, bayan wani gareji, inda ƙarar guduma ke tashin mu. Ɗaki guda ba ya ɗaukar suruki da surukinsa, don haka Baba ya koma kwana a kango, yana zuwa ya tsaya a ƙofa ya miƙo cefane. Bai taɓa faɗa wa Kaka baƙar magana ba, ko a bayan idonsa. Da aikin gini ya yi wuya ya ce zai hau arewa, bakin teku, in ya kama wani abu ya aiko mu biyo shi.

Kaka kuwa ya shiga sahun masu jiran aikin yini a bakin hanya, da shebur a hannu, ya naɗe fuska da rawani don kada a gane shi. Wani lokaci muryar takan tona shi. Na taɓa ganin wani saurayi ya durƙusa yana tambayarsa lokacin dasa albasa. Ya ce, "Je ka tambayi masu ƙasar." Wasa tsakaninmu ya mutu. Sau ɗaya kawai ya taɓo zancen, yana kwance cikin ciwon da ya tafi da shi. Ya ce, "Amarya, a wancan aikin na tele an hore mu da abu guda. In fitilar kyamara ta kunnu, ba a cewa ban sani ba. Na yi ta yi har na manta yadda ake faɗa." A maƙabartar Sabha aka binne shi, a ƙasar da bai gane ba.

Yanzu in ka fita bayan gari, leda ce fara fat iya ganinka, yaron da ya iso jiya ma ya san da zamanta. Shirin lambu ya koma cikin waya. Kowane saurayi da ya dasa barkono a gwangwani ya zama malami, yana magana da ƙarfin gwiwa, mutanen wata ƙasa mai wani irin sanyi suna kallo suna kwaikwayo. 'Ya'yana suna gaya wa kakarsu magana kai tsaye, wani lokaci har abin ya yi mini yawa, amma ba na hana su.

Baba ya kira mu daga bakin teku sau da dama a shekarar farko. Daga nan shiru. Mun tambayi duk wanda ya sauko daga arewa, mun sa an duba gidajen da ake tsare baƙi, ba wanda ya ce ya gan shi, ba wanda ya ce ya mutu. Ni na yi aure a unguwar Abdulkafi, na yi na yi da Inna ta dawo wurina, 'yan'uwanta sun aiko ta koma gida Nijar. Ta ƙi. Mai garejin yana so ya rushe ɗakin ya faɗaɗa wurinsa, ya yi mata magana ta daɗi, ya yi ta zafi. Jiya ma na je na same ta zaune a ƙofa, na sake roƙonta.

Ta ce, "Nan kaɗai ya sani. In ya zo ya tarar ba kowa, ina zai nufa?"