Ranar da Na Zage Shayi Kamar Zogale

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ɓarnar da na yi wa wani tsoho a Riruwai ba, shekarar da aka turo ni aikin asibiti daga Kiru.

Maƙwabcina ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a gonar shayi a tsaunin Mambila, da ya dawo sai ya mai da zaurensa ɗakin tarihi. Kwandon da masu tsinka ke goyawa, tsohon sikeli, almakashin datse rassa, hotuna da suka koɗe, duk ya jera, kowa ya zo ya gani kyauta. Ni kuwa da shegen son sani kullum ina can. Har na girma ban taɓa tunanin shayi yana da saiwa ba, a kwali na san shi.

Abin da ya fi ji da shi yana bayan gida: bishiyar shayi ɗaya tak, ba ta wuce ƙuguna ba. Ita kaɗai ta rayu cikin dashen da ya zo da shi. Har rumfa ya yi mata.

"Baba, yaushe za mu ɗanɗana?"

"Ki bari damina ta sauka, 'yata."

Ana tsakiyar zafin bazara zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ce bari in yi abin kirki, in dafa masa shayin gidansa. Na ɗauki kwano na zage bishiyar tas, reshe bayan reshe, yadda muke yi wa zogale a gida. Na tafasa na kai masa ina washe baki.

Ya kurɓa, ɗaci ya sa ya yamutsa fuska, sannan idonsa ya faɗa kan kwanon da sauran ganyen.

"Ganye biyu da toho ake tsinka," in ji shi a hankali. "Komai na ɗakin nan kin tambaye ni, ban da wannan."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata biyu ina ɗebo wa bishiyar ruwa safe da yamma, ina leƙen ko toho zai fito. Ba ta farfaɗo ba.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Ya tuge busasshen itacen ya jingine a zauren. In baƙo ya tambaya sai ya ce, "Riruwai ma ta taɓa yin shayi."

Tun ranar na gane kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Abin da ban san kansa ba, bakina nake fara aikawa kafin hannuna.